Darasin Kimiyya: Me Ke Sa Na'ura Ta Yi Sauƙin Amfani?

Manufar darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya yin abu uku. Na farko, ya faɗi abin da ake nufi da fuskar na'ura da yadda ake auna sauƙinta. Na biyu, ya bayyana iyakokin hannu da ido da ƙwaƙwalwar ɗan Adam, waɗanda dole mai ƙera na'ura ya yi la'akari da su. Na uku, ya ɗauki wata na'ura da ke gidansu ya gwada ta, ya gano inda take ba mutane wahala, ya kuma faɗi dalili.

1. Mece ce fuskar na'ura?

Kowace na'ura tana da ɓangaren da ke aiki a ɓoye, tana kuma da ɓangaren da mutum ke hulɗa da shi. Wanda ya tsaya gaban na'urar cire kuɗi ba ya ganin wayoyin da ke cikinta, ko akwatunan da aka jera takardun kuɗi, ko saƙon da ke zuwa banki ya dawo. Abin da ke gabansa shi ne allo, da maɓallai, da ramin saka kati, da bakin da kuɗi ke fitowa. Waɗannan su muke kira fuskar na'ura. A mota, sitiyari da birki da totur da giya da agogon gudu su ne fuska. A wayar hannu kuwa, duk wani hoto da rubutu da ƙara da girgiza suna ciki.

Fuska tana da aiki biyu: ta kai wa na'ura umarnin mutum, ta kuma dawo wa mutum da labarin halin da na'ura ke ciki. Shi kuma mai amfani, ko ya lura ko bai lura ba, tambayoyi uku ne a ransa. Me zan iya yi a nan? Yaya zan yi shi? Me ya faru bayan na yi? Duk fuskar da ta amsa waɗannan tambayoyi ba tare da an kira wani ya taimaka ba, ta yi sauƙi.

Ana iya auna wannan sauƙin. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, ta fitar da ƙa'ida a 1998 wadda ta kasa shi gida uku: ko mutum ya cimma abin da ya zo yi daidai, da yawan lokaci da wahalar da ya sha kafin ya cimma, da kuma yadda ya gamsu. Ƙa'idar ta ƙara da sharaɗi mai muhimmanci, cewa sai an fayyace wane ne mai amfanin, me yake son yi, kuma a wane yanayi. Manhajar da ta yi wa akawun banki sauƙi a ofis, ba lallai ta yi wa dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a tasha sauƙi ba, ga rana na dukan allon, ga masu saye na jiran canji.

2. Inda ilimin ya samo asali

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Amurka sun yi fama da wani haɗari mai ɗaure kai a jirginsu samfurin B-17. Matuƙi zai dawo daga aiki, ya sauka lafiya, yana cikin gudu a kan titin filin jirgi sai kawai ya naɗe tayoyin, jirgin ya kwanta da cikinsa a ƙasa. Rahoto bayan rahoto ana rubuta cewa laifin matuƙi ne.

Wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, wanda ke aiki da sojojin a jihar Ohio, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba da idonsa. Sai ya tarar maɓallin naɗe tayoyi da maɓallin da ke ɗaga ɓangaren fiffike mai rage gudu suna dab da juna, kuma siffarsu ɗaya. Bayan sauka, ƙa'ida ita ce a ɗaga na fiffike. Matuƙin da ya kwashe sa'o'i a sama, ya gaji, idonsa na kan titi, hannu kawai yake miƙawa, sai ya taɓa na kusa. Maganin da Chapanis ya kawo bai ci kuɗi ba. Ya liƙa ƙaramar taya ta roba a kan maɓallin tayoyi, ya sa wani abu mai siffar fiffike a kan ɗayan. Daga nan hannu na iya bambancewa ko da ido bai duba ba, kuma irin wannan haɗarin ya kau. Har yau dokokin ƙera jiragen fasinja suna buƙatar mariƙin tayoyi ya kasance da siffar taya.

Ku rubuta wannan a littattafanku, domin shi ne ginshiƙin darasin: idan mutane da yawa, masu hankali da horo, suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a binciki tsarin na'urar kafin a zargi mutanen.

3. Iyakokin ɗan Adam guda uku

Na farko, hannu. A 1954 wani masani mai suna Paul Fitts ya sa mutane suna buga tsinken ƙarfe tsakanin faranti biyu, yana canza nisansu da faɗinsu, yana auna lokaci. Ya gano cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya dogara ne da nisan abin idan aka kwatanta da faɗinsa. Maɓalli mai faɗin santimita 1 a nisan santimita 10 yana cin lokaci ɗaya da mai faɗin santimita 2 a nisan santimita 20. Ƙaramin abu mai nisa shi ne mafi wuya, babba na kusa shi ne mafi sauƙi. Dalilin ke nan da ya sa maɓallin tsayar da injin gaggawa a masana'antu yake da girma, kuma a motoci masu canza giya da kansu za ku ga matakin birki ya fi na totur faɗi. A waya, kamfanin Google yana ba masu rubuta manhaja shawarar kada abin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9, domin kan yatsa ba tsinke ba ne. Ƙa'idar tana aiki ta ɗaya gefen ma: abu mai haɗari, kamar maɓallin goge duk hotuna, gara a nisanta shi daga inda babban yatsa ya saba sauka.

Na biyu, zaɓi. William Hick a Ingila a 1952, da Ray Hyman a Amurka a 1953, sun nuna cewa lokacin yanke shawara yana ƙaruwa idan abubuwan zaɓi suka ƙaru. Sai dai ƙaruwar tana bin ninki ne. Lokacin da ake ƙarawa daga zaɓi 2 zuwa 4 kusan shi ake ƙarawa daga 4 zuwa 8. Wannan yana aiki ne idan mutum ya san abubuwan ko an jera su bisa tsari. Idan kuwa baƙi ne gare shi, dole ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai tsara manhajar banki yakan fito da abubuwan da aka fi nema, kamar tura kuɗi da sayen kati da duba ragowar kuɗi, ya tattara sauran a ƙarƙashin suna guda. Amma kada a wuce gona da iri. Wanda ya taɓa tura kuɗi ta hanyar danna tauraro da lambobi ya san yadda mataki ke bin mataki, har layin ya yanke kafin a kai ƙarshe, a koma farko.

Na uku, ƙwaƙwalwa. A 1956 George Miller ya yi rubutu cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kai na ɗan lokaci bai wuce bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Binciken da ya biyo baya, musamman na Nelson Cowan a 2001, ya nuna cewa adadin ya fi kusa da huɗu. Abin da ke taimakonmu shi ne dunƙulewa, wato haɗa ƙananan abubuwa su zama guda. Ku dubi lambar da ake sakawa a mitar wutar lantarki ta biya-kafin-sha. Lambobi 20 ne. Da a jere aka buga su ba tazara, da wuya a shigar da su ba a ɓata ba. Amma an raba su huɗu-huɗu gida biyar, ido ya ɗauki gida guda, yatsa ya danna, ido ya dawo ya san inda ya tsaya.

Akwai kuma bambanci tsakanin tunowa da ganewa. Idan na ce ku faɗi lambar wayar kawunku da ka, kaɗan ne za su iya. Idan na nuna muku jerin sunaye na ce ku nuna nasa, kowa zai iya. Kwamfutocin farko sun dogara ne da tunowa, sai mutum ya haddace kalmomin umarni ya rubuta su daidai, ko harafi ɗaya ya kauce ba za ta yi ba. Masu bincike na kamfanin Xerox a Kalifoniya suka gina kwamfuta mai suna Alto a 1973, wadda ake nuna abu a allo da linzami a zaɓa. Kamfanin Apple ya yaɗa wannan salo a kasuwa da Macintosh a 1984. Tun daga nan kwamfuta ta fita daga hannun ƙwararru kaɗai, domin an ɗauke wa ƙwaƙwalwa nauyin hadda an mayar wa ido.

4. Ƙa'idojin tsara fuska mai sauƙi

Ƙa'ida ta ɗaya: abu ya nuna da kansa yadda ake amfani da shi. Don Norman, a littafin da ya wallafa a 1988 kan tsarin kayan amfanin yau da kullum, ya yi misali da ƙofa. Mariƙi yana kiran hannu ya ja, shafaffen faranti yana kiran hannu ya tura. Idan aka sa mariƙi a ƙofar da ake turawa, kowa zai ja, ko da an manna takarda an rubuta "tura". A allo ma haka ne. Abin da ake dannawa ya yi kama da abin dannawa, rubutun karantawa kawai ya bambanta da shi.

Ƙa'ida ta biyu: jerin maɓallai ya bi jerin abubuwan da suke sarrafawa. Murhun gas mai kai huɗu yakan zo da kawunan a kusurwa huɗu, biyu gaba biyu baya, amma maɓallan a layi ɗaya. Wanne ne na baya ta hagu? Sai an duba ɗan zanen da ke jiki, ko a kunna a gani. Chapanis da abokin aikinsa Lindenbaum sun gwada jeri iri huɗu a 1959. Jerin da aka ɗan goce kawunan, ta yadda kowane maɓalli ya daidaita da nasa kan, shi ne wanda ba a yi kuskure da shi ba. Ku duba bangon ɗakinku yau: makunna uku a jere, ta fanka da ta ƙwan ɗaki da ta ƙwan waje. Sau nawa ake danna biyu kafin a dace?

Ƙa'ida ta uku: na'ura ta ba da amsa, kuma amsar ta zama gaskiya. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu daɗe a kanta.

Da misalin ƙarfe 4 na asubahin 28 ga Maris, 1979, a tashar makamashin nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, matsin ruwan sanyaya tukunyar ya hau, wani bawul ya buɗe don ya rage matsin, kamar yadda aka tsara. Ya kamata ya rufe bayan daƙiƙu kaɗan, sai ya maƙale a buɗe. A ɗakin sarrafawa akwai fitilar da ke wakiltar wannan bawul, kuma ta mutu, abin da ma'aikata suka saba ɗauka a matsayin alamar ya rufe. Alhali fitilar ba ta da alaƙa da bawul ɗin kansa. Abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin ya rufe. Ga kuma ƙararrawar gargaɗi sama da 100 suna kuka cikin mintunan farko, ba a san wacce ta fi muhimmanci ba. Ruwa ya yi ta zuba fiye da sa'a biyu kafin a gane a toshe hanyar, kuma kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Ma'aikatan sun karanta fitilar daidai. Fitilar ce ta ba da labarin umarni a inda ake buƙatar labarin sakamako.

Ku kwatanta wannan da alamomin da ke ƙarƙashin saƙo a WhatsApp. Ɗan agogo yana nufin saƙon bai bar wayarka ba. Maki ɗaya, ya bar wayarka. Maki biyu, ya isa wayar wancan. Idan suka koma shuɗi, an buɗe shi. Kowane mataki da tasa alamar, ba a haɗa "na aika" da "ya isa" ba.

Lokacin amsa ma yana da ma'auni. Robert Miller a 1968, da Jakob Nielsen a 1993, sun kawo iyakoki uku. Idan amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yana jin shi ne ya motsa abin da hannunsa. Idan ta kai daƙiƙa 1, ya lura da jinkiri amma tunaninsa bai katse ba. Idan ta wuce daƙiƙa 10, hankalinsa ya tafi wani wuri, dole a nuna masa ana kan aiki da kuma saura nawa. Idan allo ya yi tsit bayan an danna "tura", abin da mutum zai yi shi ne ya sake dannawa, kuma ta haka ake tura kuɗi sau biyu. Rigimar da kuke ji a rumfar mai POS, wannan na cewa "an cire mini", wancan na cewa "ni dai ban ga alat ba", rigima ce ta rashin amsa. Wani lokaci amsar takan zo da lamba da guntun Turanci. Mai POS ya haddace cewa 51 na nufin kuɗin asusun bai isa ba, 91 kuma ba a samu bankin mai katin ba. Mai katin bai san wannan ba. Saƙon kuskure mai kyau yana faɗin abin da ya faru, da ko an taɓa kuɗin mutum, da abin da zai yi yanzu.

Ƙa'ida ta huɗu: rigakafi ya fi magani. Hanya mafi ƙarfi ita ce a sa kuskuren ya gagara aukuwa. An yanke kusurwa ɗaya ta layin waya don kada ya zauna a juye. Wata hanyar kuma ita ce a sa duk yadda aka yi ya zama daidai, kamar bakin caja na USB-C da ke shiga ta kowace fuska. Lambar asusun banki a Najeriya, mai lambobi 10, wadda Babban Bankin ƙasar ya fito da tsarinta a 2010, tana da nata rigakafin: lamba ta ƙarshe ana lissafo ta ne daga lambar bankin da sauran tara, saboda haka idan yatsa ya zame a kan ɗaya, galibi lissafin ba zai tashi ba. Sannan kafin a tura, manhaja takan nuna sunan mai asusun. Lamba ba ta da ma'ana a ido, amma kowa zai gane idan ya nufi Hauwa ya ga sunan wani ƙato.

Wani kuskuren yana zuwa ne bayan an gama. Da zarar mutum ya sami abin da ya fito nema, ƙwaƙwalwarsa takan rufe babin, ya manta ɗan abin da ya rage. Haka ake barin takardar asali a injin fotokwafi bayan an ɗauki kwafin. Michael Byrne da Susan Bovair sun yi nazarin wannan a 1997. A na'urar cire kuɗi, wadda ke ba da kuɗi kafin kati ta fi sa a manta kati. Wadda ke cewa a zare kati tukuna ta rufe wannan ƙofar, tunda ba mai tafiya ya bar kuɗinsa.

Tambayar "Ka tabbata?" tana da amfani, amma idan ta yawaita sai yatsa ya saba danna "e" ba tare da ido ya karanta ba. A ajiye ta don abin da ba ya gyaruwa, kamar tura kuɗi. Sauran kuma a bar wa mutum hanyar komawa baya, kamar kwandon da hotunan da aka goge ke zama na wasu kwanaki kafin su tafi gaba ɗaya.

Ƙa'ida ta biyar: a girmama sabo. Kore ɗaukar kira, ja kashewa. Birki na hagun totur a kowace mota. Ku lura da wani abu: a waya 1, 2, 3 ne a sama, a kalkuleta kuma 7, 8, 9. Masu bincike na kamfanin wayar Bell a Amurka sun gwada jeri daban-daban da mutane, suka wallafa sakamakon a 1960, daga nan aka zaɓi na waya, alhali injinan lissafi sun riga sun kafu da nasu. Mai shagon da ke tsalle tsakanin kalkuleta da waya duk yini shi ke biyan kuɗin wannan saɓani da kurakuran yatsa. Haka nan manhajar da ke sauya wa maɓalli wuri duk lokacin da aka sabunta ta tana rushe abin da hannu ya koya.

Ƙa'ida ta shida: a san wanda ake yi wa. Hoton da ke nufin "adana" a manhajoji da yawa hoton wani faifan ajiya ne da aka daina amfani da shi tun kafin a haifi yawancinku. Wanda bai taɓa ganin abin ba, hoton bai gaya masa komai ba. Indrani Medhi, mai bincike a cibiyar Microsoft da ke Bangalore a Indiya, ta yi aiki da mutanen da ba su iya karatu ba, ta gano cewa zanen da ya yi kama da abin da suka sani, haɗe da muryar da ke bayani da harshensu, ya fi musu alamomin da aka taƙaita, kuma jerin zaɓi mai shiga cikin wani jerin yana rikita su. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Saƙon murya, wanda WhatsApp ya kawo a 2013, ya karɓu a ƙasar Hausa domin ya cire sharaɗin iya boko: a danna, a yi magana, a saki. Madannin rubutu da ya ɓoye ƙ da ɗ da ɓ a wuri mai wuyar kaiwa kuwa yana koya wa mutane rubuta Hausa ba tare da su ba.

Launi kaɗai bai isa alama ba. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar bambance ja da kore, kuma ana samun matsalar a ko'ina, ko da yawan ya bambanta. Danjar hanya tana yi musu aiki ne saboda ja kullum yana sama, kore yana ƙasa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari kuma yakan yi kyau a ofis, amma ya ɓace a tsakar rana, ko a idon dattijo.

5. Gargaɗi

Wanda ya san waɗannan ƙa'idoji zai iya juya su don ya cuci mutane. Ya sa maɓallin "na yarda" ƙato mai launi, "a'a" kuma ɗan mitsitsi a lungu. Shiga tsarin da ake cire kuɗi duk mako dannawa ɗaya ce, fita kuwa sai an sha yawo. Harry Brignull, wani masani a Ingila, ya fara tattara irin waɗannan dabaru yana fallasa su a 2010. Saboda haka idan kuka ga abu ya yi sauƙi ƙwarai, ku tambaya: buƙatar wa aka sauƙaƙa, ta mai amfani ko ta mai kaya?

6. Yadda ake gwadawa

Wanda ya ƙera abu ba zai iya auna sauƙinsa ba, domin ya riga ya san inda komai yake. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana nemo mutum irin wanda aka yi abin dominsa, a ba shi aiki takamaimai, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake yi, a zauna a yi shiru ana kallo. Ana rubuta abu uku: ya gama ko bai gama ba, minti nawa ya ɗauka, kuma a ina ya tsaya ko ya kauce. Nielsen da Thomas Landauer sun yi lissafi a 1993, wanda daga gare shi Nielsen ya nuna cewa mutum 5 sukan fito da kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin, muddin masu amfanin iri ɗaya ne. Don haka gwaji uku da mutum biyar-biyar, ana gyara tsakaninsu, ya fi gwaji ɗaya da mutum 15.

Abu mafi wuya shi ne kame baki. Da zarar kun nuna wa mutum inda zai danna, gwajin ya lalace. Kuma ku kwantar masa da hankali tun farko. Idan mahaifinku ne, ku ce: "Baba, wayar nake gwadawa, ba ku ba. Duk inda kuka tsaya, ita ce ta gaza."

7. Aikin aji

Ku rabu biyu-biyu. Kowane rukuni ya ɗauki farar takarda da rula da biro. A layi na farko ku zana akwati biyu masu faɗin santimita 2, tazarar tsakiyarsu santimita 10. A layi na biyu, faɗin santimita 1, tazara santimita 10. A na uku, faɗin santimita 2, tazara santimita 20. Ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya riƙa ɗiga biro a akwatin hagu da na dama, bi da bi, da iyakar saurin da zai iya ba tare da ya fita daga akwati ba, na daƙiƙa 15. Ku ƙirga ɗigon kowane layi, sannan ku yi musanya. Kafin ku fara, kowa ya rubuta hasashensa: wane layi ne zai fi yawan ɗigo, kuma waɗanne biyu ne za su zo kusa da juna?

Taƙaitawa

Fuskar na'ura tana yin sauƙi idan ta dace da iyakar hannu da zaɓi da ƙwaƙwalwar mai amfani da ita, ta nuna abin da za a iya yi, ta faɗi gaskiyar abin da ya faru a kan lokaci, ta tare kuskure kafin ya auku, ta kuma bar hanyar gyara idan ya auku. Hanyar tabbatarwa ita ce a kalli mutanen gaske suna amfani da ita, a auna.

Jinga

1. Ku bayyana da kalmominku bambancin abin da fitilar Three Mile Island ta nuna da abin da ma'aikata suka ɗauka ta nuna.

2. Maɓalli mai faɗin santimita 3 yana nisan santimita 12. Idan aka mayar da shi nisan santimita 24, wane faɗi za a ba shi don lokacin kaiwa gare shi ya zauna yadda yake?

3. Me ya sa na'urar da ke mayar da kati kafin ta ba da kuɗi ta fi rage mantuwa?

4. Ku zaɓi na'ura ɗaya a gida, ko rediyo, ko mitar wuta, ko rimot, ko wata manhaja. Ku ba mutum uku masu bambancin shekaru aiki ɗaya a kanta, ku rubuta lokacin da kowa ya ɗauka da inda ya tsaya. Ku zana gyara guda ɗaya da za ku yi wa fuskarta, ku faɗi ƙa'idar da gyaran ya dogara da ita. A kawo ranar Litinin.